Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Binciken Magungunan Itatuwa na Mampong da KNUST: Ku Zo Zango Ku Duba Kayan Mata

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Cibiyar Binciken Magungunan Itatuwa da ke Mampong-Akuapem, da malaman sashen maganin gargajiya na Jami'ar KNUST, Kumasi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan takardar nan ta same ku lafiya.

Ni 'yar Aboabo ce, ɗaya daga unguwannin Zango na Kumasi, a nan Ghana. Nan aka binne cibiyata, nan na yi aure, nan na aurar. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, alwanka ce. Ta fi shekara 30 tana wankan amare, da wuya a kai yarinya ɗakin miji a layinmu ba ta bi ta hannunta ba. Ni ban gaje ta ba. Na yi boko daidai gwargwado, na kama aiki a kantin sayar da magani, yau shekara 19 ke nan ina bayan kanta. Da safe in karanta takardar likita, da yamma in tarar da turmin Inna a tsakar gida. Saboda haka matan unguwa suka mai da ni wurin kai kukan da ba sa iya kaiwa asibiti, kuma ba sa iya kaiwa gaban malam.

Maganar da na zo da ita ba ta zaure ba ce. Da Inna na raye da ta ce in bar kaza cikin gashinta. Amma ita ɗin ce dai ke ce wa amaren da ke noƙewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kayan mata nake nufi, abin da wasu ke kira hakin maye: tsimi, gumba, zumar mata, garin ni'ima, matsi da danginsu. Roƙona ɗaya ne. Ku ɗauki waɗannan abubuwa da muhimmancin da kuka ɗauki saiwar nibima da shi a kan zazzaɓin cizon sauro, ku gwada su, ku dawo ku gaya mana da harshen da muke ji.

Bari in fara da yadda na gan shi a hannun Inna, don kada ku ɗauka duka shirme ne. Sati biyu kafin a sa amarya lalle za a kawo mata ita. Da sassafe kunun aya da dabino da kwakwa. Da hantsi gumbar gero da aka daka da kanumfari da citta da masoro, a dama da nono. Ana saura kwana uku a dafa kaza guda da saiwoyi, amarya ta cinye abinta ita kaɗai, ko ƙanwarta ba a ɗanɗana wa. Da dare ruwan ɗumi na ganyen magarya ta zauna ciki, sai turaren tsugunno. Yanzu da na girma nake lura cewa mafi yawan abin nan abinci ne. Yarinyar da zirga-zirgar biki ta rame da ita, an zaunar da ita wuri ɗaya, an ciyar da ita, an murje mata jiki, tsofaffi suna zaune suna cire mata tsoro da hira da zolaya. Ko ba saiwa ko ɗaya a tukunyar, dole jikinta ya canza.

Kuma Inna na da abubuwan da ba ta yarda da su. Akwai idon zakara da ke hawa katangar bayan gidanmu. Ganyen take tsinka, mai ɗan zaƙin nan. Ƙwayar kuwa, ja mai baƙin kai, ranar da ta gan ni na sa ɗaya a baki ina 'yar shekara bakwai, marin da na sha har yau ina jin sa. Ba ta ba ni dalili ba, cewa kawai ta yi ba a yi. Sai da na shiga aikin magani na karanta cewa ƙwayar na ɗauke da guba mai suna abrin, wadda kaɗan daga cikinta ke kisa idan aka tauna ko aka daka. Yau ga shi ina ganin saƙonni suna yawo a waya ana lissafa kayan haɗi, an rubuta "idon zakara" kawai, babu ganye babu ƙwaya. Wadda ba ta da Inna a gida, wa zai mare ta?

Nan ne matsalar take. Sana'ar ta bar kwallar tsohuwa ta koma waya. Da, wadda ta haɗa miki kin san gidanta, kin san za ku haɗu a suna gobe, in abu ya ɓaci akwai wadda za a kama. Yanzu hoto ne a WhatsApp da TikTok, ki tura kuɗi ta waya, ɗan babur ya kawo miki ƙulli. Kayan na shigowa daga Kano da Sakkwato da Maraɗi cikin manyan jakunkunan nan da 'yan Nijeriya suka laƙaba wa sunan ƙasarmu. Hanyar ba sabuwa ba ce. Ita kakanninmu fatake suka bi da kanwa da tufafi suka koma da goro daga garin Salaga da ke arewacin Ghana, kafin yaƙin 1892 ya watsa su zuwa Kumasi da sauran garuruwa. Sai dai su fatake kanwarsu a fili take, kowa na iya lasa ya sani. Wannan kuwa ana juye shi a gorar ruwan da aka sha aka yar, babu sunan abin da ke ciki, babu ranar haɗawa, babu ranar lalacewa, babu lambar hukuma. Suna dai ake sa masa mai zafi: sa buzu kuwwa, bita zaizai, mallaka. Goron Tula ma, ɗan itacen nan mai yauƙi da ke zuwa daga Tula a jihar Gombe, wanda da ake tauna shi yadda Allah Ya halitta shi, yanzu ya zama ruwa mai kauri a kwalba, mai haɗawa ce kaɗai ta san abin da ta ƙara.

'Yar yayata ta haihu bara, ɗa na biyu. Wata huɗu da haihuwa, tana shayarwa, ta zo mini kanti bayan isha'i lokacin da na fara jan ƙofa. Ba ta iya zama a benci ba, a tsaye ta yi maganar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar ba ni na yi mata wankan jego ba. Maigidanta ya fara jefa maganar ƙarin aure cikin raha, ita kuma tun da ta haihu kwanciya ta zame mata azaba, jikinta a bushe, ranta ba ya so. Wata ƙawa ta haɗa ta da mai kayan mata. Sidi 350 ta biya, kuɗin adashinta. An ba ta wani gari ta sha da madara don ni'ima, an kuma ba ta wasu 'yan dunƙule kamar ƙwallon magarya ta riƙa matsawa. Kwana biyar tana yi. Ta ciro ragowar daga bakin zani ta ajiye mini a kan kanta. Na ɓantara na taɓa a harshe, bakina ya ɗaure nan take: alif ne da garin bagaruwa, da wani abu mai ƙamshin turare. Da safe na kai ta asibiti. Ciki ya saɓule, ga ciwon sanyi ya hau kai. Wata ma'aikaciya da ta ji labarin ta juya ta ce wa 'yar'uwarta, "Waɗannan matan Zango da tarkacensu," suka yi dariya. Yarinyar ta sha magani ta warke, amma ta rantse ba za ta sake buɗe baki a gaban mai farar riga ba.

Ku kun fi ni sanin abin da ya faru a jikinta. Mai shayarwa sinadarin da ke kawo nono yana hawa, na mata yana sauka, bushewa da sanyin sha'awa su biyo baya. Abu ne da ke wucewa, kuma man shafawa na 'yan sidi kaɗan da ke kan kantata da ya rage mata zafin. Gaban mace kuma na da tsaminsa, da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsaron wurin. Alif da bagaruwa suna tsuke fata ne su busar da ita, shi ne matsin da ake ji. Busasshiyar fata kuwa tsagewa take, ta buɗe wa cuta ƙofa. Abin da ke ɗaure mini kai, mace ɗaya, a rana ɗaya, a sayar mata da abin jiƙawa da abin busarwa, kuma babu wanda ya ga cin karo a ciki.

Akwai kuma wata, ba yarinya ba, ta haura 50, tana shan maganin hawan jini da nake sayar mata duk wata. Ta sha cokali biyu na wata zuma da aka kawo mata tsaraba. Ta ce kanta kamar zai rabe biyu, fuska ta ɗau zafi, hanci ya toshe, zuciya na dukan uku-uku. Waɗannan alamu na san su sarai daga bakin mazan da ke zuwa sayen shuɗiyar ƙwayar nan ta ƙarfin maza, Viagra, suna kallon gefe. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni huɗu saboda an gano sinadaran Viagra da Cialis a ɓoye cikin zumar da suke sayarwa da sunan ƙarin kuzari. In haka na faruwa a inda ake da ma'aikata da injuna, ina ga zumar da ta ratso iyaka uku a ƙarƙashin kujerar mota? Kwalbar tana nan wurina, na naɗe ta a leda. Injinku cikin yini ɗaya zai faɗi abin da ke cikinta.

Na san duniya ba ta bar wannan fanni haka ba. Maza sun sami Viagra tun 1998. Mata sai 2015 aka amince da ƙwayar ƙarin sha'awa mai suna Addyi a Amurka, bayan an ƙi shi sau biyu, kuma amfaninsa kaɗan ne, ga jiri da barci. Aka ƙara da allurar Vyleesi a 2019. Ta ɓangaren itatuwa kuwa, an gwada hulba a kan mata a Ostireliya, za'afaran a Iran, ashwagandha a Indiya, da saiwar maka ta ƙasar Peru. Abin da ya ba ni dariya shi ne tsidau. Tsidau dai da ke soke mu a ƙafa muna yara in mun je Arewa hutu, shi ne aka niƙa aka zuba a kafso, aka gwada a Iran da Barazil, ake sayarwa da tsada a ƙasashen Turawa. Yawancin gwaje-gwajen nan ƙanana ne, mata 'yan gomomi, na 'yan makonni, wasu ma masu sayar da maganin ne suka biya kuɗin binciken. Ba a gina gida a kansu. Amma sun nuna abu ne da masana ke zama su yi ba tare da jin kunya ba. To me zai hana a yi wa aya da kimba da kanumfari da sassaƙen ɓaure da goron Tula, waɗanda matanmu ke sha da gaske kowace rana?

Ku na rubuta wa don ku ne gidan abin. Cibiyar Mampong tun 1975 take, kuma ta tsiro ne daga aikin Dokta Oku Ampofo, likitan da ya yi karatu a Edinbara amma bai raina masu maganin ƙauye ba, ya zauna da su ya koya. KNUST kuwa, da ke nan kusa da mu, mota ɗaya ce daga Aboabo, tun 2001 take koyar da digiri a maganin gargajiya, ɗalibanta suna aiki a sassan maganin itatuwa na wasu asibitocin gwamnati. Doka ma tana nan: ta shekarar 2000 mai lamba 575 da ta kafa majalisar kula da masu maganin gargajiya, da dokar lafiyar jama'a ta 2012 mai lamba 851 da ta wajabta rajistar magani kafin a sayar da shi ko a tallata shi. Kayan aiki ba su ne suka yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne wani ya tsallako titi ya shigo lungu.

In za ku shigo, ina roƙonku kada ku fara da tambayar ko yana aiki. Ku fara da ko yana cutarwa. Ku sayi kayan yadda muke saye, a unguwannin Alabar da Asawase da Sawaba da kasuwar Kejetia, da na waya, ku duba wanne ke da maganin bature a ɓoye, wanne ke da dalma, wanne ya yi funfuna a hanya, wanne ke cike da ƙwayoyin cuta saboda ruwan da aka haɗa shi da shi. Ku duba wanne bai kamata mai ciki ta kusanta ba, don amare da yawa suna ci gaba da sha ciki ya shiga ba su sani ba. Hulba na sauke sukarin jini, tsimi kuwa rabinsa mazarƙwaila ne da zuma. Mai ciwon suga tana shan duka biyun da ƙwayarta ta asibiti, ba wanda ya ce mata kanzil. Wannan aiki kaɗai, ko ba ku ƙara komai ba, zai tsare mata da yawa.

In kuma kun zo kan ko yana aiki, a nan ne nake so ku yi hattara, don a nan ake yaudarar kai. Kun san a gwajin magungunan sha'awar mata, waɗanda aka ba ƙwayar banza su ma da yawa sukan ce sun ji sauyi. Ni ban ga abin mamaki ba. Macen da ta kashe kuɗi, ta yi wanka, ta yi turare, ta sa rai, ai ta riga ta sha rabin magani. Dole a kwatanta da wadda ta sha abin da ya yi kama da shi amma ba shi ba, kuma kada mai bayarwa ta san wanne ne wanne.

Sannan wa za ku tambaya? Ku saurari sunayen da na lissafa a sama. Dukkansu labarin maigida suke bayarwa: ya yi kuwwa, ya biyo ta, ya mallaku. Babu ɗaya da ke cewa ita ta ji daɗi, ko zafi ya bar ta. In kuka tambayi matar Zango ko maganin ya yi, za ta ce ya yi, ma'ana ya saya mata atamfa, ko ya daina maganar kishiya. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba amsar tambayarku ba ce. Takardun tambayoyin da ake aunawa da su a Turanci aka tsara su, ga matan da ke iya faɗin waɗannan abubuwa kai tsaye. Mu kalmominmu a naɗe suke. Sha'awa daban, ni'ima daban, "ina ba shi haƙƙinsa" daban, kuma "lafiya lau" na iya nufin shekara uku tana cije haƙori. Sai mace, mai jin Hausa tun daga nono, wadda ba za ta yi dariya ba, a ɗaki ba a layin asibiti ba. Akwai 'ya'yanmu da suka yi karatun jinya da ungozoma da harhaɗa magunguna suna zaune a gida. Ku ɗauke su.

Ku kuma rubuta abin da ba ya shiga kwalba. Matar da ke tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora wake da shinkafa na sayarwa, ta yini a tsaye gaban wuta, ta dawo ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar a shimfiɗe a ƙasa, jininta ya yi ƙasa tun haihuwar bara, miji bai ce mata sannu ba sai hannu da ya miƙo cikin duhu, wane tsimi ne zai tashe ta? Wasu kuma shekaru ne suka zo, al'ada ta ɗauke, ba wanda ya gaya musu bushewar da ke biyo baya tana da magani a asibiti. Wasu ciwon suga ne, wasu damuwa, wasu magungunan da suke sha ne. Malamanmu a wa'azi suna faɗa cewa mace ma tana da haƙƙi a shimfiɗa, kuma an hana namiji ya afka wa iyalinsa ba wasa ba lallashi. In bincikenku ya nuna yawancin abin daga can yake, ku faɗa a fili, maza su ji. Mun gaji da a ce kullum mace ce za ta gyara, ita ce za ta sha, ita ce za ta matsa.

Game da masu sayarwa, kada ku zo da motar 'yan sanda a gaba. Na san su. Akwai mayaudara a cikinsu, ba na musu. Amma da yawa zawarawa ne da marayu a gabansu, wasu kuma sun gaji ilimi na gaske daga iyayensu. In aka yi kame sau ɗaya, kayan ba za su ƙare ba, ƙarƙashin gado za su koma, mu rasa ma wadda za mu tambaya. Ku bi ta hannun magajiyoyi da alwankoki da ƙungiyar mata Musulmi ta Ghana, FOMWAG, ku gaida sarakunan Zango, a kira su zama. Ku ba su tabbacin ba za a kwashe sirrin haɗinsu a kai wa wani kamfani ya sa a kwali ya bar su da hamma ba, don wannan tsoron ne zai sa su ba ku gari na bogi. Wadda kayanta suka fito da tsabta, a taimake ta ta yi rajista a rukuni da 'yan'uwanta, tunda ita kaɗai ba za ta iya kuɗin ba.

Sakamako kuma kada ya tsaya a mujallar Turanci. Ku kawo shi gidajen rediyon da ke magana da Hausa, a daidai lokacin da ake tallan magungunan, ku kawo shi makarantun matan aure da wuraren awon ciki. Takarda ɗaya mai hoto ta isa: wannan ki sha, wannan ba ya komai amma ba ya cutarwa, wannan kada ki kusance shi. Ni zan manna ta a ƙofar kanti.

Kwallar Inna tana nan a ƙarƙashin gadona yadda ta bar ta. Ƙulli 23 ne a ciki. Na zauna da ƙanwarta, wadda idonta ya tafi amma hancinta na nan, ta shinshina ɗaya bayan ɗaya ta faɗa mini sunayensu, na rubuta a jikin kowanne; huɗu ne ta ce ta manta. Na haɗa da kwalbar zumar nan da ragowar dunƙulen 'yar yayata. Ranar Laraba nake hutu. Ku sanar da ƙofar da ake karɓar irin wannan da sa'ar da ake buɗe ta, in Allah Ya yarda zan kawo da kaina.

Na gode, a huta lafiya.

Taku,
'Yar alwanka,
Aboabo, Kumasi.